Ƙusa a Bakin Uwar 'Ya'yana

Likita, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni kafinta ne, shekararmu talatin da ɗaya da uwar 'ya'yana. Bara santsi ya kwashe ta a banɗaki, haƙoranta biyu na gaba suka fita. Matar da in ta yi dariya sai maƙwabta sun ji, yanzu sai ta kai gefen mayafi baki. Ranar da aka ɗauki hoto da jikarmu ma kauda kai ta yi. Na rantse mata giɓin ya yi mata kyau, ta harare ni. Likitan haƙori ya ce zai dasa mata 'yar ƙusa a ƙashi ya ɗora haƙori a kai. Ita ta amince, ni nake ta jan ƙafa. Tana da ciwon suga, ni kuwa na san ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen katako. In wurin ya ruɓe fa? Ban faɗa mata tsorona ba, kullum sai in ce aiki ya yi mini yawa.

Kafinta mai fargaba

Malam Kafinta, tsoronka yana da tushe, domin suga in ya hau yana hana rauni warkewa. Amma ba ya hana dashen haƙori in an daidaita shi. Ku fara da likitan sugarta. Sannan a ɗauki hoton ƙashin, a kuma warkar da dasashi in yana jini. In ƙashin bai isa ba, akwai haƙoran da ake sawa a cire, ba abin kunya ba ne. Ku je wurin ƙwararre mai tsabtace kayan aikinsa.

Bayan aiki, kada ta kurkure baki ranar farko. Daga washegari, ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a hankali. Abinci mai laushi, buroshi mai taushi, maganin da aka rubuta kuma ta shanye shi. Kumburin kwana biyu zuwa uku ba komai. In ya ƙaru bayan haka, ko ga mugunya, zazzaɓi ko dashen yana motsi, ku koma ranar.

Sai kuma kai. Daina fakewa da aiki, ta daɗe da gano ka. Faɗa mata tsoronka, ka raka ta, ka bar ta ta yi tambayoyinta, bakinta ne. Allah Ya ba ta lafiya, Ya bar ku tare.