Bar Shi Ya Kwanta

Laraba da dare, garin Lafiya

Yau gilashin ya yi launi. Wata huɗu ina zuba ƙwayoyin silika, waɗanda ido ba ya gani, a cikin kwalbar ruwa, in tsoma gilashi, in jira ruwan ya ƙafe su jera kansu sahu-sahu. Kullum sai ya fito fari fat kamar alli, don ba ni da haƙuri, sai na ɗaga kwalbar na leƙa.

Wannan karon na tafi Awe sadakar arba'in ɗin Inna, kwana biyar ba wanda ya taɓa. Ina dawowa Oga Terna mai kula da ɗakin gwajinmu ya tare ni: "Madam, zo ka gani!" Kore shar kamar bayan ƙwaro, alhali ba ɗigon rini. Jerin ne kawai yake mayar da haske haka.

Na kai hannu, sai na ji muryar Inna a raina, kamar tana bakin tukunyar da take dafa gishiri: "Ke, bar shi ya kwanta."

Haka ta ce mini a asibiti na uku da na kai ta: "Ladi, bar ni in kwanta." Ni kuwa na fita neman motar da za ta kai mu asibiti na huɗu.