Allurar da Mama ta Hana

Samaru, Zariya.

Zuwa ga Yayana Mordecai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kai da Anti Ƙauna da yara kuna lafiya a Fatakwal, Allah ya ƙara ƙarfin jiki, ya tsare ka a bakin aiki. Mu nan sai godiya. Cornelius ɗina ya shiga aji uku. Mama kuma ƙafa ce kawai ke damunta, baki kam garau yake, kunne ma haka, shi ya sa na ɗauki biro maimakon waya.

Yaya, maganar jikina ce. Ka tuna likita ya ce hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta ne suke tsukewa, ba a warkewa sai lallaɓawa, kuma ba a ɗauka. To wa zai faɗa wa masu sayen manja a kasuwar Sabon Gari haka? Da ido ya yi ɗorawa na sayi baƙin tabarau, na ce musu yayi ne. Ƙaiƙayin ne na rasa inda zan ɓoye shi. Ina cikin cika kwalba sai tafin hannu ya ɗauka, mata su dubi juna su ce bari su zaga su dawo. Na san zagayen nan, ni ma na sha yi wa wasu. Yanzu in ya taso sai in bar wa Bibiana mai busasshen kifi rumfa, in laɓe bayan duro in sosa har jini. Rana na yin tsaka gajiya ta kwantar da ni a benci.

Makon jiya zazzaɓi ya kayar da ni. Likita ya ce wata hanya ta kusa toshewa, ranar Talata mai zuwa za su zura siririyar roba ta baki su buɗe, amma sai an yi mini allurar barci. Ya ce in aka bari zazzaɓi na gaba ba zai zo da sauƙi ba. Mama na jin allura ta ɗora hannu a ka, wai mai ciwon shawara ba a yi masa allura, ita ta kashe Baba a kemis, in na je ba da yawunta ba. Ta dage da dafa mini saiwoyi, waɗanda likita ya ce ƙarasa hantar za su yi. Nakan karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in ba kwata ta sha.

Ni da ke iya sayar da manja har ga mai shagon mai, na kasa sayar wa Mama wannan magana. Kai take ji. Don Allah ka kira ta ranar Lahadi bayan sujada, lokacin zuciyarta ke da taushi. Kada ka kawo mata turanci, kada ka ce Baba kwanansa ne ya ƙare. Ka ce kai ka ce a yi, ka ɗauka a wuyanka. Zan iya cewa na tafi sarin manja in sulale asibiti, ka san ni. Amma Yaya, tsoro nake ji in shiga barcin nan ba ta sa mini albarka ba.

Ka gai da Anti Ƙauna, da Martins, da Peculiar sarkin surutu. Cornelius na gaishe ku.

Ƙanwarka mai jiran Lahadi,
Dinatu.