Fentin Tankunan Mai da Ƙirjin Maigidana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban hukumar da ke sa ido kan wuraren ajiyar man fetur,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku da abokan aikinku.

Sunana Hauwa'u. A Agege aka haife ni, a nan na yi aure, sana'ata suyar ƙosai a bakin layinmu. Maigidana, Malam Mamman, mutumin Tawa ne ta Jamhuriyar Nijar. Ya zo Legas yana saurayi, ya yi dako a kasuwar Oyingbo, daga baya ya samu gadi a wani shagon taya kusa da Iyana Ipaja. Shi ne kuma ladanin ƙaramin masallacin layinmu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan da muke haya da wani daffon mai, inda ake ajiye fetur cikin manyan tankuna. Ba zan kama sunansa ba, duk wanda kuka aiko za a nuna masa. Na zaɓi in yi magana a fili domin abin ba namu ba ne mu kaɗai.

Na farko. Tun ina yarinya na san tankunan nan, kuma farare ne tas, ana sabunta musu fenti a kai a kai. Da wurin ya koma hannun wasu, sai aka daina. Fentin ya ɓare, tsatsa ta ci su har suka koma ja. Tun daga nan, da rana ta take, warin fetur zai sauko cikin gidajenmu ya zauna har la'asar. Shanya kan bushe da warinsa. Yara su dawo daga makaranta suna kukan ciwon kai. Ni kaina sai da na ɗauke murhuna zuwa ƙarshen layi don tsoron wuta. Ban yi karatun wannan fanni ba, amma na tambayi direbobin tanka da ke cin ƙosai a wurina. Sun ce farin fenti mayar da zafin rana yake yi, shi kuwa ƙarfe mai duhu sha yake yi, man da ke ciki ya ɗumama, tururinsa ya fita ta saman tanki ya bi iska. Iskar nan kuwa mu ke shaƙarta.

Na biyu. Dattawan unguwa sun yi ta sintiri wurin manajan daffon, har aka yi alkawarin za a yi fenti. Mun yi murna. Bayan daminar bara ɗan kwangila ya zo da mutanensa. Suka fara kankare tsatsa, jan gari ya riƙa zuba a kan kwanon rufinmu da duro-duron ruwa. Da aka zo fentin, sai muka ga mai duhu ne, kusan baƙi. Wai ya fi sauƙi kuma ya fi ɓoye datti. Da injin feshi aka yi aikin, a sarari, ba tampol, ba sanarwa. Warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya hana mutane cin abinci. Maƙwabciyarmu Iya Basira, tsohuwa mai fama da asma, sai a Keke Napep aka kai ta asibiti, barkonon da ta shanya kuma zubar da shi aka yi, domin duk ɗigon fenti ne a jikinsa.

Na uku, kuma shi ne ya sa na kasa yin shiru. A daidai lokacin an rufe shagon da Malam ke gadi, yana zaune ba aiki. Sai aka ce ana neman leburori da za su kankare cikin ɗaya daga cikin tankunan su shafe shi. Ya tafi tare da wasu samari 'yan ci-rani da ba su daɗe da saukowa daga Arewa ba. Ta wata ƙofa da ba ta fi bakin duro ba suke shiga. Ba fanka, ba takunkumi. Tsumma suke ɗaurawa a hanci, in sun fito ogan aikin ya miƙa musu madarar gwangwani, ya ce tana wanke ƙirji. Wata rana da hantsi aka jawo Malam daga ciki a sume, aka kwara masa ruwa, aka ce ya je gida ya huta. Washegari na roƙe shi ya haƙura da aikin. Ya ce ya riga ya yi alkawari, kuma samarin nan ba sa jin Yarbanci ko Turanci, shi ke isar musu da maganar ogan. Ya koma har aka gama.

Tari ya fara kamar mura. Muka yi ta sayen magani a kemis, bai tsaya ba. Mutumin da ke ɗaukar buhun albasa a ka, ya zama sai ya huta kafin ya hau motar haya ta danfo. Wata azahar ina bakin murhu na ji ya fara kiran salla, ya kai tsakiya, sai shiru. Can wata murya ta ƙarasa. Da na je na tarar da shi zaune a dokin ƙofar masallaci, kansa a sunkuye. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Hauwa, numfashin ne ba ya isa." Bai sake riƙe lasifikar ba.

A babban asibiti, tambayar farko da likita ya yi bayan ya duba hoton ƙirjin ita ce wane aiki yake yi. Ya ce huhun ya taɓu, za a iya lallaɓa shi da magani amma ba zai koma yadda yake ba, kuma dole ya nisanci warin mai da fenti. Ba zan ƙara wa likita abin da bai faɗa ba. Ni dai na san mutumin da ya shiga tankin nan, na kuma san wanda ya fito.

Na je daffon da ƙafata. Manaja ya ce leburorin ba nasu ba ne, na ɗan kwangila ne. Ɗan kwangila kuwa wayarsa ba ta shiga. Samarin da suka yi aiki tare duk sun koma ƙauyukansu da faɗuwar ruwa, kuma babu wanda ya san halin da ƙirjinsu ke ciki.

Na huɗu. Fentin da aka sha duk wannan wahala dominsa, damina ɗaya ya gani ya fara kumbura yana ɓarewa. Warin rana kuma ya fi na da.

Ranka ya daɗe, na tambayi mutane da dama ko akwai dokar da ta faɗi irin fentin da ya halatta a shafa wa tankin mai a tsakiyar gidajen jama'a, ban samu wanda ya sani ba. In akwai, ba ta iso bayan katangarmu ba. In babu, ina roƙonku da ku yi ta. A wajabta farin fenti mai inganci a jikin tankuna ta waje, a kuma tilasta sabunta shi kafin tsatsa ta ci. A hana fentin da tinarsa ke sumar da mutum. Kada a sake feshi a sarari ba tare da an rufe wurin an kuma sanar da maƙwabta ba. Duk wanda za a tura cikin tanki a ba shi takunkumi na gaske da iska, kuma alhakinsa ya hau kan mai daffon, kada a ɓuya bayan ɗan kwangila. Idan za ku aiko masu dubawa, su zo da tsakar rana, su shigo ta layinmu kafin su shiga ofishin manaja.

Ban roƙi komai don kaina ba, domin mu tafiya za mu yi. 'Yan'uwan Malam sun ce a kawo shi Tawa, ni kuma da ban taɓa zama ko'ina ba sai Agege zan bi shi. Mai gidan hayar ya riga ya ba wasu ɗakinmu. Shekaranjiya matar da za ta shiga ɗakin ta zo ganin wuri, da jaririya a goye, ko arba'in ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin tagar da ke kallon tankunan, ta ce ɗakin ya yi mata, yana da iska. Na zaunar da ita na gaya mata komai. Ta ce ta ji, amma ba su da inda za su.

Allah ya ba ku ikon duba wannan magana da idon rahama, ya sa ku gama aikinku lafiya, ya kare ku da zuriyarku daga cutar da ba a gani.

Wassalam.

Hauwa'u Mamman,
Agege, Legas.