Jami'a Ta Ba Ni Tafinta, Yayata Ta Juya Mini Baya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in ɓata abin da ba zan iya gyarawa ba. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, maganar hannu ta fi mini sauƙi a kan rubutu.

Ni kurma ce. Zazzaɓi ne ya tafi da jina tun ina 'yar mitsitsiya. Daga nan yayata ta zama kunnena, ta zama bakina. Kasuwa ita, asibiti ita, ranar da aka zo neman aurena ma ita ta zauna tsakanina da dangin miji. Shagon ɗinkinmu ɗaya: kekena a jikin taga, nata a bakin ƙofa don ita ke karɓar masu kawo aiki.

Shekarun baya wata malama daga sashen kiwon lafiyar al'umma na jami'a ta zo ƙungiyarmu ta kurame. Bincike suke yi a kan abin da mata irinmu ke gamuwa da shi a wurin awon ciki da haihuwa. Na ba ta labarin haihuwata ta fari. An hana Yaya shiga, ungozoma tana magana ta cikin takunkumi, ni kuma idanunta kawai nake gani. Ashe cewa take in dakata da yunƙuri, ban sani ba. Allah ya raya yaron, amma na daɗe ina jinya. Da na gama, malamar ta ce ba labarina kaɗai take so ba, so take in shigo cikinsu a yi aikin da ni.

Anti, na shiga, kuma ban ba da kunya ba. Ni ke bin gidajen mata kurame ina yi musu tambayoyi, don abin da za su faɗa mini ba za su faɗa wa mai ji ba. Na samu wadda aka rubuta wa maganin hawan jini, amma sai kanta ya yi ciwo take sha, domin ba wanda ya fahimtar da ita cewa kullum ake sha. Yanzu duk mako ina shiga aji ina koya wa ɗaliban likitanci da na ungozoma alamun hannu. Akwai wanda ya so ya tambaye ni ko ina da ciki, sai ya ɓuge da tambayar ko na ƙoshi, ajin ya kwashe da dariya har da shi. Asibitin koyarwa ya fara ajiye mai fassara a ranakun awo saboda abin da muka gano. Da aka buga binciken, sunana yana jere da na masu digiri. Maigidana kafinta ne, shi ya yi wa shafin firam ya rataye a falo, duk baƙon da ya shigo sai ya ja hannunsa ya nuna masa.

To ga damuwar. An zaɓe ni in yi jawabi a babban taron masana lafiya a ƙasar waje, kuma jami'a tana da ƙwararriyar tafinta da za ta raka ni. Yaya kuwa har ta yanka wa kanta sabuwar riga ta tafiya. Na ce mata ba da ita za a tafi ba, kuma jami'a ce ta yanke hukunci. Washegari na tarar ta juya kekenta yana kallon bango. Ni da sai na ga fuska da hannu nake hira, kin ga ai ta rufe ƙofa ke nan.

Gaskiyar ita ce malama ta ba ni zaɓi, ni na zaɓi tafintar. Yaya tana sassauta maganata. Akwai ranar da muka zauna da shugabannin asibiti, na ce da hannuna ana wulaƙanta mu. Ina kallon laɓɓanta, sai na ga ta ce muna roƙon a ƙara tausaya mana. Ni ba tausayi na je nema ba. A wannan taron ina so a ji abin da na faɗa yadda na faɗe shi, ko da zai yi ɗaci.

Amma kuma Yaya ce ta bar makaranta da wuri don ta riƙa raka ni tawa makarantar. In canza in tafi da ita? Ko in bar ta da tunanin laifin jami'a ne? Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Taki,
Kurma Mai Surutu

AMSA

Ƙanwata, da farko barka. Kin mayar da wahalar da kika sha ta zama sauƙi ga matan da ba ki ma san su ba. Ki yi alfaharinki, kin cancanta.

Ki tafi da tafintar. Ba maganarki ke kaɗai za ki kai ba, amanar matan da suka buɗe miki cikinsu ce, kuma ba daidai ba ne a rage mata gishiri a hanya. Zaɓinki daidai ne. Inda kika kauce shi ne laɓewa a bayan jami'a. Irin wannan zance ba ya ɓoyuwa, kuma ranar da yayarki ta ji daga bakin wani, ciwon zai ninka.

Sai dai ki duba yayarki da idon adalci. Ba raina ki ta yi ba. Tun kuna yara take jin abin da mutane ke faɗa a kanki wanda ke ba kya ji, tana haɗiyewa ita kaɗai. A nan ta koyi lallashin mutane don kada a kore ku. Abin da ya kare ki jiya shi ke tauye ki yau, ita kuma ba ta lura kin girma kin wuce wurin ba. Fushinta tsoro ne, gani take amfaninta ya ƙare.

Kada ki tayar da maganar a shago. Ki je gidanta, ku biyu. Ki fara da neman gafarar ɓoyewar da kika yi, sannan ki faɗa mata dalilinki dalla-dalla, har da labarin zaman asibitin nan, ba da zargi ba. Za ta iya yin kuka ko ta ƙara fushi. Ki daure, kada ki janye, kada kuma ki matsa mata ta huce a ranar.

Sannan ki roƙi malamarku a shirya ki gwada jawabin a jami'a kafin tafiya, a gayyaci Yaya ta zauna a gaba. Duk tsawon rayuwarku aiki take yi idan kina magana, ba ta taɓa samun zama ta saurare ki kawai ba. Ki kuma ja hankalin masu binciken ga 'yan'uwa irinta da ke fassara wa nasu ba tare da horo ba. Su ma suna da labari, kuma idan tana da sha'awar karatun tafinta, ƙofar ba ta rufe ba. Amma ki tambaye ta, kada ki zaɓar mata.

Ki je ki tsaya a gaban masanan nan ki faɗi gaskiyarki ba tare da rawar hannu ba. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya, ya sanyaya zuciyar yayarki, ya bar ku tare.

Antinku