Rasuwar da Aka Ɓoye wa Hassana

Kawo, Kaduna,
6 ga Yuni, 1977.

Zuwa ga ƙanena Balarabe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ladi da yara. Ya ƙarin haƙurinmu na Usaina? Allah Ya jiƙanta.

Wannan ce wasiƙa ta goma sha huɗu da na aiko maka tun shekarar da aka gama yaƙi, ko ɗaya ba ka amsa ba. Kai ne hedimasta, alƙalami a aljihu kullum, amma sai dai ka aiko direba ya ce wai an ce a gaishe ni. Ni da ban san ko bihim ba, ni ke yawon neman mai rubutu. Limaminmu Malam Abdurrahim ke rubuta wannan, na ce masa kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Kai ka aiko a ɓoye wa 'yarka Hassana, da ke zaune a wurina, rasuwar 'yar'uwarta Usaina har ta gama jarrabawar kwalejin malamai. Na mayar da saƙo cewa tagwaye ba a yi musu haka, ka ce ni me na sani a kan jarrabawa. Mako shida muna ci da ita kwano ɗaya muna mata ƙarya. To, ran Talata ta kawo mini abinci rumfata ta goro a tasha, sai Zakari direban Malumfashi, mai kawo saƙonninka, ya tsaya ya yi mata ta'aziyya a gaban jama'a.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ta daina ci, ta daina zuwa makaranta. Shekaranjiya ta raba littattafanta, ta ba matata Yalwa zannuwanta, ta bi mutanen gida ɗaya-ɗaya tana neman gafara kamar mai tafiya Makka. Yalwa ta ce dangana ce ta zo mata. Ni ban yarda ba. Na zaunar da ita a zaure, na tambaye ta ba kwana-kwana ko tunanin kashe kanta take yi. Balarabe, 'yarka ta ce e. Ta ce tare suka zo duniya, kuma tana nan tana haddar darasi aka binne rabinta.

Ban yi mata wa'azi ba, ta fi ni sanin hukuncin. Na dai ce laifin ɓoyewa namu ne, har da ni. Na rufe rumfa, ba a barinta ita kaɗai. Malamarsu ta ce akwai likitan irin wannan ciwo a ƙetaren kogi. Ka san ni da asibiti ba ma ga maciji, amma zan kai ta. Ka zo.

Ka gaida kowa.
Yayanka,
Ɗanasabe.

Kawo, Kaduna,
20 ga Yuni, 1977.

Balarabe,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ya damina?

Saƙonka ya iso ta bakin Zakari: wai kada a kai ta gidan mahaukata, wa zai aure ta, a sa ta a mota a dawo maka da ita. Saƙon ya makara, mun riga mun je. Da ma bai makara ba, ba zan ji ba. Aure sai mai rai.

Da fari ta ƙi, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Na ce ko ƙafa ce ta karye ai gun mai ɗori ake zuwa, balle zuciya. Na ce ni zan fara shiga, in an ɗaure ni ta gudu. Ran nan ne ta ɗan yi murmushi. Ba wanda ya ɗaure kowa. Likitan ya bar ta ta yi ta magana, can na jiyo kukanta daga bakin ƙofa, na yi hamdala. Ya ba da magani, ya ce duk Alhamis mu koma. Malam ma yana nasa da addu'a. Ta fara shan kunu. Amma likita ya gaya mini kada mu saki jiki, tunanin bai bar ta ba tukuna.

Jarrabawar ta wuce ta, za ta yi baɗi. Ita kuwa ta ɗauka shirunka fushi ne a kan haka. Duk yamma sai ta tambaye ni ko Baba ya ce wani abu. Na rantse mata ba zan sake yi mata ƙarya ba, don haka sai in sunkuyar da kai, ita kuma ta koma ɗaki ba ta taɓa abinci ba.

Ka ɗauki alƙalami da hannunka, ka ce mata ka yi kuskure, ka ce ba ka fushi. Ko ka shigo motar Laraba, mu je wurin likita tare ran Alhamis. Ɗaya za ka yi. Yarinya na jira, Balarabe. Ka amsa mini!

Yayanka,
Ɗanasabe.