Rabin Turancin da Na Koya

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta ce ranar Lahadi za ta haɗa ni da jikata a waya. Shekararta shida, can inda iyayenta suke aiki aka haife ta, Hausa ko zo in kashe ka ba ta ji. Ni kuma Turancina bai wuce sunan kayan walda ba. Amaryata guda, ban taɓa tsokanarta ba, abin yana cin raina. Na roƙi malamar da ke maƙwabtaka da mu ta riƙa koya mini in na rufe shago.

Laraba, 5 ga Maris
Kaina ya ɗaure. Wai magana iri biyu ce a Turanci, speak da talk. Na ce wanne ne na manya? Ta yi dariya, ta ce na farkon ya fi dacewa in mutum ɗaya ke yi ana saurare, na biyun hira ce, ka faɗa in faɗa. Can kuma ta ce wani lokaci duk ɗaya ne. To me ya raba su tun farko?

Jumma'a, 7 ga Maris
Darasinta hira ce ta mutum biyu, layin wannan, layin wancan. Na ce ta tsallake amsoshin, nawa kawai nake so, lokaci ya ƙure. Ta ce, "Baba, ai yarinyar ma za ta yi magana." Na ce in ta yi sai in ce yes.

Asabar, 8 ga Maris
Ina walda ina hadda. Mai faci ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Lahadi, 9 ga Maris
Na sa rigata mai kyau, tunda waya ce mai hoto. Jikata tana fitowa na zazzage mata duk abin da na haddace, ko numfashi babu, don kada ya zube. Yaya kike, ki yi karatu, ki ci abinci, ki ji maganar uwarki. Ta zuba mini ido, ta yi wata tambaya a hankali. Na ce yes. Ta sake, na sake. Sai ta ajiye wayar ta gudu.

Auta ta ɗauka. "Baba, tambayarka ta yi ko fushi kake da ita." Ta ce ita da yayyenta ma haka suke zato suna yara.

Fushin me? Yaushe?

Litinin, 10 ga Maris
Ban je darasi ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na koma. Na ce malama ta karanta layin wancan mutumin, ni in saurara. Ya fi walda a saman tsani wuya, bakina sai ƙaiƙayi yake. Har yanzu ban san wanne daga cikin kalmomin nan biyu na yi ranar Lahadi ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Lahadi, 16 ga Maris
Da ƙyar aka lallaso jikata. Na ɗaga mata wata 'yar dabba da na haɗa da guntayen ƙarfe, na ja bakina. Ta yi ta zuba, ban tsinci komai ba sai dog. Akuya na ƙera, amma na bar ta a kare.

Da ta tafi wasa Auta ba ta kashe wayar ba. Na tambaye ta aiki, ta fara, ban katse ta ba. Ashe tun bara take son dawowa gida, ba ta san ta inda za ta ɓullo mini ba.

Uwargida ta ce yau na yi shiru da yawa. Na ce mata saurare nake koyo.