Dattin Ƙarƙashin Layi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da yara da maigidan. Ya aikin laburare?

Maganar Auta ce. Malamarsu ta kira ni jiya, ta ce idan yarinyar ba ta iya karanta shafi ɗaya a gaban aji ba kafin ƙarshen zangon nan, za ta maimaita aji ɗaya, ƙawayenta su wuce su bar ta. Ni injin buga takardu na sani, ban san koyar da yaro ba. Mamarta kuma aikin asibiti bai barinta ta zauna. Tunda damina ta kankama ba ta fita wasa, ki zaɓo mana wani abu daga kantar littattafan yara ta laburarenku. Tana son kwaɗi, ban san dalili ba.

Ki gaida kowa.
Ƙanenki

Baban Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, suna amsawa.

Ga littattafai uku daga cikin waɗanda muke saukowa da su ƙaramar kanta idan ruwa ya fara. Na farko hoto ne zalla: tururuwa suna kwashe kaya kafin hadari. Ita za ta ba ka labarin, kai ka yi shiru. Na san zai yi maka wuya. Na biyu na wani kwaɗo ne da ya ari lema, layi ɗaya a kowane shafi, kalmomi talatin da biyu suna maimaituwa. Na uku, yarinya mai takalmin roba, ya fi tsawo. Ka ajiye shi sai ta gama da kwaɗon.

Ka sa ta bi rubutun da yatsa. Minti goma bayan ta dawo makaranta ya isa. A dawo da su cikin mako uku, kuma kada ka goge su ko sun yi datti.

Allah ya yi mata albarka.
Ka faɗa mata gwaggonta tana gaishe ta.
Yayarka

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Albishirinki! Mako biyu kacal, Auta ta karanta kwaɗo daga bango zuwa bango, ko tuntuɓe babu. Tela maƙwabcinmu har tafa mata ya yi. Kullum sai na karanta mata sau uku kafin in miƙa mata. Na ce wa mamarta ƙwaƙwalwar gidanmu ta ɗauko, ta ce in bari mu ji daga bakin malama.

Ga littattafanki, ban goge ba. Ki fara haɗa mana littattafan lokacin kaka.

Ƙanenki

Baban Auta,

Bayan gaisuwa. Sun iso, na duba su shafi shafi a bakin taga, yadda nake yi wa duk littafin yara kafin ya koma kanta.

Yaron da ke koyon karatu yana barin datti ƙarƙashin layi, ya fi baƙi inda kalmar ta yi masa wuya. Layukan Auta tsaf suke kamar yau aka bugo su. Tabon yatsunta duk a kan lemar yake da cikin kwaɗon. Ba karatu ta yi maka ba, hadda ce. Muryarka ta riƙe.

Akwai abu na biyu. A tsakiyar shafuka huɗu akwai ɗan maiƙo, irin wanda hanci ke bari. A littafin tururuwa ta taɓa manyan ganyaye, tururuwar kuwa ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ni ba likita ba ce, amma ka kai ta a duba idonta kafin ka nemi na kaka. Na mayar maka da na takalmin roba. Kada ka karanta mata shi.

Yayarka

Yaya,

Na ga wasiƙarki. Gaskiya ban ji daɗinta ba, sai da na kwana biyu ban nuna wa mamarta ba. Shekara goma sha biyu ina duba ƙananan haruffa a wurin aiki, a ce ban lura da idon 'yata ba?

Ranar Talata na ɗaga mata kalanda daga bakin ƙofa, na ce wace lamba ce wannan. Ta yi dariya ta ce, “Baba, ai babu lamba a nan.” Mun je asibitin ido. Gilashin ya fito jiya, mai jan gefe ta zaɓa. Da muka fito ta tsaya tana kallon bishiya, ta ce ashe ganyen ɗaya ɗaya ne.

Saura kwana goma sha ɗaya malama ta kira ta.

Ƙanenki

Baban Auta,

Gaisuwa gare ku duka. Na takalmin roba ya iso yau. Ƙarƙashin kowane layi baƙi ne har shafi na tara, inda kalmar “tsallakawa” ta kusa hujewa.

Ba zan mayar da shi kan kantar yara ba. Na kaka suna hanya, na aji biyu na zaɓo.

Yayarka